Su Ne a Gaba

Da hantsi aka fito da Baffa, yayan mahaifina, daga gidanmu na gado a wani ƙauye da ke gabas da Ɗanbatta. Aka ajiye makara a gindin dalbejiyar ƙofar gida, liman ya matsa kusa da ita, mu kuma muka ja sahu uku a bayansa. Ba ruku'u, ba sujada, kabbara huɗu ce a tsaye sai sallama. Ina sahu na biyu, tsakanin wani ƙanena da wani dattijo mai kanta a tafin hannu, wanda suka shekara arba'in suna zuwa gayyar noman juna shi da mamacin. Na sha halartar jana'iza, amma a ranar ne na fara lura da yadda muke tsayuwa: wanda ya mutu shi ne a gaba, mu masu rai duk muna bayansa. Da aka dawo daga maƙabarta aka shimfiɗa tabarmi, masu ta'aziyya suka riƙa zuwa, kowa da maganar da ya taso ya ji ana faɗa. Ya riga mu gidan gaskiya. Allah Ya jiƙansa, Ya yi wa bayansa albarka. Bayansa, wato mu.

Tun daga ranar kalmomin nan biyu, gaba da baya, suka ƙi sakina.

Kalmar marigayi mun saba da ita har ta zama kamar laƙabi, ana maƙala ta a gaban suna yadda ake maƙala Alhaji ko Malam. Amma in ka fasa ta, "riga" ce a ciki, irin wadda yara ke faɗa in sun yi tsere zuwa bakin rijiya, wanda ya fara taɓa gugan ya ce na riga ka. Marigayi wanda ya riga isa ne. Kuma ba a cewa an riga mutum zuwa inda ba can ya nufa ba. Duk wanda ya furta kalmar ya amsa da bakinsa cewa shi ma yana hanya. Haka kakanni da kakannin kakanni, magabata muke ce musu, mutanen gaba. Mu da muka zo daga bisani mu ne na baya, 'yan baya. In mutum ya mutu bai haihu ba a ce bai bar baya ba, a faɗe ta da ƙaramar murya.

Sai dai akwai abin mamaki. Bakin da ya ce magabata shi ne kuma yake cewa "a shekarun baya" yana nufin abin da ya wuce, ya ce "nan gaba" yana nufin abin da bai zo ba. Ke nan zamanin da ya shuɗe yana bayanmu, mutanen wannan zamanin kuwa suna gabanmu. Na daɗe ina ganin kamar harshe ne ya yi tuntuɓe, sai daga bisani na gane ayari Bahaushe yake hange. Fataken da suka riƙa tashi daga Kano zuwa Gwanja sayen goro, wata da watanni a hanya, sun san wannan lissafi sarai. Zangon da aka kwana jiya yana baya, tokar murhunsa ta huce. Amma wanda ya riga ka ɗaura kaya ya tashi daga zangon yana gaba, ƙurarsa kake shaƙa, sawun jakinsa kake takawa. Wuri ake bari a baya. Mutum gaba yake yi.

Da na gane haka sai na daina yi wa manyan mutanenmu kallon da na saba. In za a yi maganarsu akan ce bari mu waiwaya, waiwaye adon tafiya. To ado ne, kuma ado ana tuɓe shi a rataye in taro ya watse. Wanda ke gabanka a turba kuwa ɗaga kai ake yi a gan shi. Sannan na baya ba ya ganin fuskar na gaba. Ƙeyarsa yake gani, da sawunsa. Bai san ko murmushi yake ko hawaye ba sa'ad da ya karkata dama a mararraba. Abin da ya sani shi ne nan ya bi. Shi ya sa nake tsoron marubucin da zai kutsa zuciyar mutumin da ya shekara ɗari biyu a ƙasa, ya fito mana da niyyarsa kamar shi aka ba ajiyarta. Sawu muke da shi, kuma bin sawu kaɗai aiki ne ja.

Ɗanbatta gari ne mai yawan sawu. An san shi da zama mazaunin Sarkin Bai, ɗaya daga cikin mutum huɗu masu zaɓen Sarkin Kano, shi da Madaki da Makama da Sarkin Dawaki Mai Tuta. Ita kanta sarautar ta girmi gidan da ke riƙe da ita nesa ba kusa ba. Tsohon kundin tarihin sarakunan Kano ya lissafa ta cikin muƙaman da Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya fara ba babanni, bayin cikin gidan sarki. Shi ya sa wasu in sun ji Bai, bayi suke ji. Wasu kuma baya suke ji, su ce ai shi ne mai tsaron bayan runduna, wanda ba ya barin fage sai kowa ya wuce. Kalma ma da rabonta take zuwa duniya: ga sarauta ta faro a hannun bayin sarki, ta zo ta zauna a hannun masu naɗa sarki. Ni dai fassara ta biyun ta fi kwanta mini a rai. Na ƙarshen ayari shi ne mai tsintar abin da ya faɗi, mai jiran wanda ƙaya ta soka, kuma in mahara suka biyo sawu shi suke fara tararwa. Ba a yi masa guɗa in an shiga gari, don kafin ya iso masu guɗar sun gaji.

Wanda ya shigo da sarautar gidan Dambazawa shi ne Malam Dabon Dambazau, ɗaya daga cikin malaman da suka jagoranci jihadi a ƙasar Kano har aka kawar da Sarki Alwali wajen 1807. Bai hau gadon Kano ba. Sulaimanu aka ba, bayansa kuma a 1819 aka ba Ibrahim Dabo. Rabonsa ya zama Sarkin Bai, kuma a gidansa ta tsaya har yau. A wannan shekara ta 1819 ne Ɗan Tunku, wanda shi ma ya ba da tasa gudummawar a jihadin, ya ƙi yi wa sabon Sarkin Kano mubaya'a. Ɗanbatta na cikin wuraren da ya yi ƙarfi kafin a tura shi ya koma duwatsun Kazaure, kuma an kai shekara biyar ana gwabzawa. Baturen Birtaniya Clapperton da ya iso Kano a farkon 1824 ya tarar da Sarki a sansani bayan gari yana shirin fita wannan yaƙi. Daga ƙarshe aka kai magana gaban Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya tabbatar wa Ɗan Tunku ƙasarsa, Kazaure ta zama masarauta mai cin gashin kanta.

Yau ka shiga motar Kazaure a tashar Ɗanbatta, kafin ka gama ɓare gyaɗar da ka saya ta taga kun isa. A ɗan tsakanin nan sunan mutum guda ya sauya. A bakin Kano ɗan tawaye ne. A bakin Kazaure shi ne mafarin gida, wanda ake fara ambata in za a jero sarakuna. Sawun guda ne, masu duba shi ne suka tsaya a gefe biyu na turba. Kalmar tarihi aro muka yi daga Larabci, asalinta sa wa abu kwanan wata. Kafin ta zo muna da labari, muna da kirari, kuma kirari bai taɓa faɗin ranar da gwani ya juya da baya ba. Kwanan wata kan tsaya inda aka ajiye shi, amma sunan da za a kira mutum da shi ya danganta da ƙofar garin da ka shigo ta ciki.

A zamaninmu wanda ya fi daɗewa da wannan rawani shi ne Alhaji Mukhtar Adnan. Sarki Muhammadu Sanusi na ɗaya ya naɗa shi a 1954, bai cika shekara talatin ba, ya riƙe sarautar har rasuwarsa a watan Disamba na 2021 yana da shekara 95. Dubi tsawon wannan igiya. An naɗa shi Turawa na mulki, ya ga an sauke tutarsu a 1960. Ya zauna a majalisar wakilai ta tarayya a Legas a ƙarƙashin jam'iyyar NPC, har ya zama bulaliyar majalisa. Da aka yanka Jihar Kano aka ba Audu Bako riƙonta, ya yi kwamishinan ilimi. Da shi aka zauna aka zaɓi Muhammadu Inuwa a 1963, da Ado Bayero a cikin shekarar, da Muhammadu Sanusi na biyu a 2014, da Aminu Ado Bayero a 2020. Sarkin da ya naɗa masa rawani, sai ga shi bayan shekara sittin cif yana cikin masu zaɓen jikansa. Da ya rasu, ɗansa Dokta Mansur Mukhtar, tsohon ministan kuɗi, ya gaje shi.

Ya gaje shi. Ga mu mun iso kalma ta uku.

A rubutun boko gado biyu ne masu kama ɗaya, sai a baki ake raba su. Akwai gadon da ake kwanciya a kai, mai gajeren "ga". Akwai gadon da ake ci bayan mutuwa, wanda ake ja wa "ga" ɗin. In aka rubuta gadon sarauta, sai an furta za ka san wanne ake nufi, karagar da ake hawa ko jinin da ya ba ka damar hawanta. Haɗarin gado na biyu, a ganina, shi ne a mai da shi na farko, a samu abin da wani ya sha rana ya tara a miƙe ƙafa a kai. Bahaushe yana girmama gado ƙwarai da gaske. Yana cewa ɗan na gada ya fi ɗan na koya, kuma akwai gaskiya a ciki, don yaron da ya girma yana zuga zugazugi kunnensa ya san ƙarar ƙarfen da ya nuna tun kafin hannunsa ya iya riƙe masaba. Wanda ya shiga sana'ar da ba ta gidansu ba ana ce masa ɗan haye, ko shigege, kuma ba yabonsa ake yi ba. Maƙeri ɗan maƙeri, wanzami ɗan wanzami, sarki ɗan sarki. Talaka kuma ɗan talaka. A nan gizo ke saƙar.

Domin akwai ranar da wasu suka tambaya, shin talauci ma gado ne, da ba a fita daga cikinsa? Ranar 8 ga Agusta 1950 mutum takwas suka zauna a Kano suka kafa jam'iyyar NEPU: Abba Maikwaru, Bello Ijumu, Maitama Sule, Mudi Sipikin, Baballiya Manaja, Musa Kaula, Abdulƙadir Ɗanjaji, da wani saurayi ɗan shekara 19 mai suna Magaji Ɗanbatta. Suna linzami. Magaji suna ne da ake kiran yaron da ake sa ran zai riƙe gida bayan uba, sai ga mai sunan a zaman da aka ce a sake duba yadda ake gadon komai a Arewa. Malam Aminu Kano a lokacin yana koyarwa a Maru. Daga baya ya ajiye aiki ya shigo, ya zama shugaban jam'iyyar a 1953, sunansa ya zo ya rufe na kowa. Sawun giwa ya taka na raƙumi. Malam ya cancanci girman da ake ba shi, amma yana yi mini ciwo in na tambayi ɗalibi ya jero mutum takwas ɗin nan ya tsaya a na biyu, alhali 'yan jam'iyyar da yawa da ko a takarda ba a rubuta su ba sun sha ɗauri da bulala a kan wannan tambaya.

Magaji Ɗanbatta ya yi aikin jarida, sannan ya shiga aikin gwamnatin Jihar Arewa a sashen watsa labarai, gwamnatin jam'iyyar da suka tashi yi wa adawa. Maitama Sule ma NPC ya koma. Akwai masu cewa sun saki hanya. Ni ƙeya nake gani, don haka ba zan yanke musu hukunci ba; abin da na gani shi ne a ƙarshen rayuwarsa Magaji ya shugabanci Inuwar Jama'ar Kano, ƙungiyar da ta sa karatun 'ya'yan jihar a gaba, ya rubuta tarihin rayuwarsa da Turanci, ya rasu a 2016. Ga mutum biyu 'yan gari ɗaya, shi da Sarkin Bai Mukhtar, shekara biyar ce tsakaninsu a haihuwa. Ɗaya ya gaji rawani, ɗaya ya sa hannu aka kafa jam'iyyar da ta tsaya gaban masu rawani ta ce a sake lale. Da ƙuruciya sun ba juna baya a siyasa. Amma in ka bi sawun kowannensu har inda ya ɓace, za ka tarar ya ratsa ta ƙofar makaranta.

Da Hausa an kira NEPU Jam'iyyar Neman Sawaba, kuma kalmar nan ta ƙarshe ita ta kama bakin mutane. Wanda ya zaɓe ta ya san talaka. In majinyaci ya kwana da sauƙi a ce ya samu sawaba, in hatsi ya sauko a kasuwa a ce an samu sawaba. Kalmar ɗan dako ce da aka taya shi sauke kaya ya miƙe wuya. Ba sai an yi wa manomi lacca kafin ya gane ta ba, a kafaɗarsa yake jin ma'anarta. Ta tsallake iyaka har Nijar, inda jam'iyyar Jibo Bakari ta ɗauke ta, Hajiya Gambo ta Zariya kuma ta mai da ita sunanta har ya shafe wanda aka san ta da shi tun farko.

Ban san nauyin kalmar ba sai bayan sadakar uku, da muka buɗe akwatin ƙarfen Baffa. A ƙarƙashin babbar rigarsa ta Sallah muka tarar da wani gwangwani mai tsatsa, cike da 'yan takardu da suka yi ja, an ɗaure su da zare shekara bisa shekara. Wani ɗan ƙanwata da ke jami'a ya zaro ɗaya, ya juya ta gaba da baya, ya ce, "Kawu, wannan ta mece ce?"

Kafin in buɗe baki Inna, matar Baffa, ta amsa daga ƙuryar ɗakin da take takaba. Ta ce, "Kai ɗan nan, takardar haraji ce. Wannan da kake gani, in babu ita namiji ba ya barci da kaka."

Sai ta shiga ba shi labari, muryarta ƙasa-ƙasa. In an cire gyaɗa an kai sikeli, kafin a yanka wa yara yadi sai an ware kuɗin haraji. Shekarar da gyaɗa ta ƙi, akuya ake ja zuwa kasuwar Ɗanbatta ranar Lahadi, a sayar da ita yadda ta samu, don kowa ya san abin da ya kawo ka. Wanda ba shi da akuya ya ɗauki sanda ya tafi cirani. Fulani kuma da nasu, jangali, kowace saniya da kuɗinta. In za a yi tafiya takardar na cikin aljihu, don ana iya tare mutum a hanya a ce ya nuna. Yaron ya saurara kamar ana ba shi labarin wata ƙasa.

A 1979 gwamnatin PRP ta Abubakar Rimi, jam'iyyar da ta gaji NEPU, ta soke haraji da jangali a Jihar Kano. Shekara 29 ke nan daga zaman mutum takwas ɗin nan. Ban ce talaka ya gama samun sawaba ba. Wanda ya je sayen buhun takin zamani bana ya san da sauran kaya a ka. Amma gadon da wannan yaro ya ci shi ne rashin sanin takardar da ke hannunsa. Irin wannan gado ba shi da allo, ba a tara jama'a a buɗe shi. Kaya ne da aka sauke daga kan mutum tun ba a haife shi ba, don haka bai san ya taɓa zama nasa ba, balle ya nemi wanda zai gode wa.

Akwai kuma gadon da ido ke gani. Kwalejin koyon aikin gona da ke Ɗanbatta sunan Audu Bako take ɗauke da shi, ɗan sandan da ya riƙe Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, ya rasu a 1980. Sunan nasa na kan sakatariya da gidan namun daji a birni. Amma ni na fi ganinsa a madatsar ruwa ta Tomas, wadda aka gina a tsakiyar shekarun 1970 cikin jerin madatsun da gwamnatinsa ta ɗauko, irin su Bagauda da Tiga, a daidai lokacin da farin 1973 ya nuna wa Arewa abin da rashin ruwa ke yi. Je ka wajen da rani, sa'ad da ko'ina ya yi fari fat, iska na kwasar karmami. Sai ka hango kore shar, tumatir da albasa da alkama, injin ban ruwa na tari, masunta na jan koma, yara na kora tsuntsaye. Malamai suna kiran irin wannan sadakatul jariya, sadaka mai gudana, kuma a nan ba sai an yi wa kowa fassara ba, ga ta nan tana gudu a magudana tana shiga fangali.

Duk da haka, ruwan da aka tare wa wani, wani aka tare wa. Mutanen fadamun Haɗeja da Nguru suna da nasu labarin game da Tiga, don ambaliyar da suke noma da su da kiwo da ita ta ragu tun da aka datse kogi. Labarin Ɗan Tunku ne ya dawo da wata riga: na sama da madatsa da sunan da yake kiranta, na ƙasa da nasa. Wanda ke son Audu Bako da gaske bai kamata ya toshe kunne daga wannan ba. Sa wa gini sunan mutum abu ne mai kyau, amma allo ne da fenti. Yashe magudanar da ta cike, da sakar wa na ƙasa rabonsu a kan kari, su ne masu wuya.

Sai da Inna ta fita takaba, wata huɗu da kwana goma, an kuma kawar da amfanin gona, sannan aka zauna rabon gado. Malamin da aka gayyato ya gyara zama a buzu, bai fara da gona ba. Ya ce, "Jama'a, akwai mai bin marigayi bashi? Akwai wanda ya bar wa wasiyya?" Haka shari'a ta tsara: a fitar da kuɗin likkafani da binnewa, a biya bashi, a zartar da wasiyya in ba ta haura sulusi ba, sannan magada su ci abin da ya rage. Dattijon nan mai kanta a hannu ya sunkuyar da kai yana zane a ƙasa da tsinke. Sai da aka matsa masa ya ce akwai tiya goma ta gero tun bazarar bara, amma shi ya yafe tun ranar da aka rufe shi.

Babban ɗan Baffa ya ce, "A'a Baba, a auna maka. Kada mu ci da nauyinsa a kai."

Aka kawo tiya aka auna, ana ƙirgawa a fili.

Na so a ce haka muke yi da manyanmu na ƙasa. Kowane ɗan takara yana son a jingina shi da Malam Aminu ko da Sardauna, hotunansu na manne da nasa a bango duk kakar zaɓe. Ba kasafai nake jin wanda ya miƙe a taron ya ce, jama'a, da wane bashi suka tafi? Alhali sun tafi da shi, don ba wanda ya taɓa gama aikinsa aka ɗauke shi. Yaran da suka ce za a sa a makaranta, har yau wasu na yawo da kwano. Manomin da suka ce zai ci guminsa, har yau da kaka yake sayarwa da araha ya sayo da tsada a bazara. Malamin nan na buzu ba zai bar kowa ya taɓa ko kunya ɗaya ba sai an biya wannan.

Daga nan aka fita gona. Ƙasarmu ta cika da mutane. Daga Ajumawa zuwa Gwarabjawa, daga Fagwalawa zuwa Sansan, da wuya ka ga saura. Gona na jingine da gona, shekara da shekaru ana nomawa ba hutu, takin gida da ake kaiwa a mangala da amalanke ne ke riƙe da ita. Gonar da kakanmu ya noma a gandu shi da 'ya'yansa an riga an yanka ta tsakanin Baffa da mahaifina da 'yan'uwansu, yanzu kuma kason Baffa za a sake yankawa. Aka kawo igiya, aka ƙirga kunya. Aka fitar wa Inna tumuninta, sauran namiji rabon mace biyu, ana dasa tushen gamba a kowace sabuwar iyaka. Kason wani bai wuce ka tsaya a wannan gefe ka yi hira da na wancan gefe ba tare da ɗaga murya ba. Gado kowane hawa raguwa yake yi, baya kuwa ƙaruwa take. Addu'ar da aka yi ta yi mana a tabarma ta karɓu, an yi wa bayansa albarka, ga mu nan fiye da yadda gonar za ta ɗauka.

Sai igiya ta iso gindin ɗorawar da ke tsakiyar gona, ta bi ta kanta daidai, rabi a kason wannan rabi a na wancan. Ba wanda ya san wanda ya tarar da ita tana tsiro ya kauce mata da fartanya. Inna ta ce ko da aka kawo ta amarya haka ta same ta, mutum biyu ba sa zagaye ta da hannu. Shi wannan ba shi da suna a kundin kowa, amma duk wanda aka haifa a gidanmu ya sha garin bishiyarsa da bazara, ya sha miyar da aka kaɗa da daddawar kalwarta, dakalin zaurenmu ma da makubarta aka shafe shi. Sunanta kuma ya yi kama da abin da ake nema wurin magaji, ɗorawa daga inda aka tsaya.

Wani daga cikin samari ya ce a sare ta a sayar wa masu itace a raba kuɗin, ai ya fi sauƙin lissafi. Aka yi shiru. Inna ta gyara lulluɓi, ta ce, "Ku sare. Amma ku fara gaya mini wanda zai ba jikokinku kalwa."

Malam ya ce shari'a ba ta hana magada su bar abu a tsakaninsu ba in sun yarda. Aka tambayi kowa ɗaya bayan ɗaya, har da matan da ke gidan aure, ta bakin waɗanda suka wakilta. Aka rubuta a ƙasan takarda cewa ɗorawa ta kowa ce: in ta nuna a kaɗe, a raba gari, kalwa a kai wa Inna ta dafa daddawa a rarraba gida-gida.

Da za mu koma rana ta yi sanyi. Turbar da ta ratsa tsakanin gonaki ba ta ɗaukar mutum biyu a jere. Dattijon ya shige gaba yana dogara sanda, Malam na biye da shi, sai Inna, sai mu. Yara na can baya sun tsaya tsintar kara, sai muka ji gudunsu, suka ratsa ta cikin kunya suka wuce mu da ƙura, ƙaramin cikinsu na ihu, na riga ka, na riga ka.